Yawon teku: Benin, Salum ko Bijagos, wanne za ka zaɓa?

Tun da na sa hotunan nan na cikin kwale-kwale ƴan Damagaram suke ta kirana, wai Alhaji ina ne wannan, nawa ake kashewa, mu ma muna so. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Mu dai ruwan da muka sani bai wuce tafkin Gidimuni ba, sai wanda ya je Yamai ya ga kogin Isa, saboda haka kada hoton Facebook ya ruɗe ka, teku wani abu ne daban.

Mafi kusa da sauƙin kuɗi shi ne Benin. Daga Kalabi kusa da Kwatano za ka shiga kwale-kwale zuwa Ganbiye, garin nan da aka gina a kan tafkin Nokuwe, ko ka wuce Giran-Popo inda kogin Mono yake faɗawa teku, can kunkurun ruwa ke fitowa su yi ƙwai a yashi. Sefa suke ci kamar mu, ga ƴan uwa Hausawa a zango. Amma gaskiya wannan yawon yini ɗaya ne, ka je ka dawo ka kwana a gari, kuma ka fara tambayar halin da iyakar Gaya take ciki kafin ka yanki tike, tun 2023 hanyar nan ba ta zama kamar da ba.

Ni wanda na fi ba mutum shawara shi ne Salum a Senigal, kudu da Dakar. Ba tsakiyar teku ba ne, rassan ruwan gishiri ne da suka ratsa cikin kurmin itatuwan da ke tsirowa a ruwa, su suna ce musu bolong, ruwan a kwance yake ba igiya mai juya ciki, wanda duk bai taɓa hawa jirgi ba nan ya kamata ya fara. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2011. Ana tashi daga Tubakuta ko Ndangan ko Funjun, ka ɗauki mai jirgi kwana biyu ko uku, da rana ku jefa ƙugiya ku kamo barakuda ko giwan ruwa, da yamma ku saki anga a wani lungu inda ba kowa sai kwasakwasa da zalɓe suna dawowa makwanci, a gasa kifin nan take a ci da shinkafa. Akwai ayu ma a ruwan, sai dai ganinsa sai mai rabo, duk wanda ya ce maka lalle za ka gan shi kuɗinka yake so. Mutanen wurin yawanci musulmi ne, ba ka da matsalar abinci, kuma ruwan teku ana alwala da shi, na faɗa ne don wani abokin tafiyarmu sai da ya ƙarar da ruwan shanmu kafin ya yarda.

Bijagos kuwa a Gine-Bisau, tsibirai 88 ne, nan ne na manya. Dorina a tsibirin Orango har ruwan gishiri take shiga, tsibirin Poilawo kuma kunkuru ne dubbai ke zuwa yin ƙwai. Kifi ba a magana. Amma tsakanin tsibiran teku ne sosai, ruwa yana cika ya janye sau biyu a yini da ƙarfi, in mai jirgi bai san lokacin ba sai ku wayi gari a kan laka. Esansi ma yana cin kuɗi don nisan, ga yaren Fotugis da Kiriyol, Faransancinka na lakwal ba zai kai ka ko'ina ba. Ban d'Argen, gandun bakin teku na Muritaniya, shi ma akwai shi, tsuntsaye kamar fari, sai dai an hana jirgi mai inji a ciki, jirgin iska na masuntan Imragen kawai ake hawa, kuma kuɗinsu ugiya ne sai ka yi canji.

Maganar jirgin kansa. Na katako mai inji a baya ya fi arha kuma yana shiga ruwa marar zurfi, amma ba sauri, in ba rumfa rana za ta gasa ka. Na fayiba mai babban inji yana gudu, yana shan mai kamar ba gobe, kuma ƙararsa tana korar tsuntsayen da ka biya kuɗi don ka gani. A Salum katako ya ishe ka, a Bijagos kada ka yarda da jirgi mai inji ɗaya tak.

Kafin ka ba da ko dala, ka tambaya: kuɗin nan da esansi a ciki ko babu, wa zai biya kuɗin shiga in wurin gandun gwamnati ne, ina za a kwana, tanti ne ko kampama, wato masaukin ƴan yawo, akwai gidan sauro? Rigar ruwa kuma ka ƙirga da hannunka ka gwada ta, ni an taɓa ce min akwai, muna tsakiyar ruwa na leƙa na tarar guda biyu ne mu shida. Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu, bayan damina ta ɗauke. Ka riƙe rabin kuɗin a aljihu sai kun dawo tudu.