Zagayen tarihin Sahyoniyanci a birnin Basel: ya biya kuɗinsa, amma da saura

Na shiga wani zagaye na ƙafa da wani kamfanin jagorantar baƙi ke shiryawa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, kuma a cikin awa biyu mai jagorar ta bi da mu ta wuraren da Sahyoniyanci, wato aƙidar kishin ƙasa ta Yahudawa mai neman kafa musu ƙasa a Falasɗinu, ta fara tsayawa da ƙafafunta. Mun tsaya a gaban zauren Stadtcasino, inda Theodor Herzl, jagoran wannan aƙida, ya tara wakilai kusan 200 a babban taronta na farko a watan Agusta na 1897, sannan ta nuna mana barandar otal ɗin Les Trois Rois da ke kallon kogin Rhine, inda aka ɗauki shahararren hotonsa yana jingine da ƙarfe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye adawar da Yahudawa da kansu suka yi ba. Ta bayyana cewa a birnin Munich na Jamus aka so yin taron, amma malaman addininsu da shugabannin al'ummarsu suka ƙi, wasu saboda imanin cewa komawa ƙasar Falasɗinu sai da zuwan Almasihu, wasu kuma saboda suna ɗaukar kansu cikakkun Jamusawa. Ta kuma ambaci ƙungiyar ma'aikata ta Bund, wadda aka kafa a birnin Vilna (Vilnius na ƙasar Lithuania a yau) a shekarar 1897 ɗin, mai neman haƙƙin Yahudawa a inda suke zaune.

Inda ta gaza kuwa shi ne batun Larabawan Falasɗinu. Sai da na tambaya kafin ta taɓo wasiƙar da Yusuf Diya al-Khalidi, tsohon magajin garin Ƙudus, ya rubuta a 1899 yana roƙon a bar Falasɗinu ta zauna lafiya, kuma wannan giɓi ne babba a zagayen da ya kamata ya nuna ɓangarorin duka.