Ingila ko Jamus: kafin Baba ya sayar da filin nan

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsakanin takardar gurbin da jami'ar Ingila ta aiko maka da neman mastas a Jamus, Jamus zan ce maka, kuma ka roƙi Baba ya dakata da maganar sayar da filin da yake shirin yi don kuɗin karatunka. Dukansu biyun na taɓa su. Ɗaya ta ci mini kuɗi ban ko taka ƙasarta ba, ɗayar kuma a can na yi shekara biyu na dawo unguwarmu Aboabo a Kumasi, nan Gana, da digirina.

Abin da ya raba su a wurina shi ne inda kuɗinka yake zuwa. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, ko kai baƙo ne. Abin da ake biya kuɗin zangon karatu ne, 'yan ɗaruruwan yuro duk wata shida, kuma a jami'o'i da yawa har da tikitin bas da jirgin ƙasa a ciki. Babban nauyin shi ne asusun kulle, wanda ofishin jakadanci yake son gani kafin ya ba ka biza. Tun Satumba 2024 yuro 11,904 ake zubawa na shekara guda, banki ya riƙa sakar maka 992 duk wata. Kuɗi ne masu yawa, ban raina su ba, amma naka ne. Da su za ka biya haya, ka ci abinci, ka biya inshorar lafiya. A Ingila kuwa kuɗin makaranta kaɗai galibi daga fam 15,000 yake tashi, wasu kwasa-kwasan sun haura 30,000, kuma in ka miƙa su sun tafi ke nan. Bayan su sai ka nuna fiye da fam 10,000 na ci da sha sun kwana 28 a asusu ba a taɓa ba, in ba a Landan makarantar take ba ke nan, sannan ga fam 776 na lafiya a kowace shekara, ga kuɗin biza sama da fam 500, ga gwajin tarin fuka. Ka ɗauki biro ka mayar da wannan duka sidi, kuɗinmu na Gana, ka ajiye kusa da abin da dillalin fili ya taya.

Na tafi a Oktoba 2021, lokacin asusun kulle yuro 10,332 ne. Adashin mahaifiyata ne da abin da na tara bayan hidimar ƙasa, da gudummawar wani kawuna mai sayar da shanu. Shekarar da ta biyo baya kowa a nan ya san abin da ya sami sidi: dala ta fara shekarar 2022 a wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta kai kusan 15. Ni kuɗina sun riga sun zama yuro, ban ji komai ba. Abokina da muka gama Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, tare yana Ingila, iyayensa suna biyan kuɗin makaranta kashi-kashi daga Kumasi. Kashi na biyu ya ninka musu a hannu. In ka gaza biya, makaranta tana iya cire sunanka ta sanar da hukumar shige da fice, biza ta bi ruwa. Da kyar ya tsira, kuma har yau gidansu suna biyan bashin. Wannan ne dalilin da ya sa maganar filin ta tsaya mini a rai.

Noma na karanta, kwas ɗin da Jami'ar Gottingen da ta Kassel suke haɗa kai su koyar da Turanci. Wasu darussan a Witzenhausen ake yi, wani ɗan ƙaramin gari da bai kai unguwa ɗaya ta Kumasi mutane ba. Janairun farko ya ba ni wuya. Kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, azahar da la'asar da magariba duk a cunkushe, sanyi yana shiga ƙashi. Wata rana malaminmu ya kai mu ɗakin gilashin da jami'ar take rainon shuke-shuken ƙasashe masu zafi. Ana buɗe ƙofa ɗumi ya buge ni, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga ayaba, ga bishiyar koko tsaye kamar a gonakin hanyar Offinso. Malamin ya juyo ya ce tunda ni daga Gana nake, in yi wa 'yan aji bayanin yadda ake fasa koko a shanya. Na yi magana kusan rabin awa, ɗalibai daga Indiya da Kolombiya da Jamus suna rubutawa. Daga ranar na daina jin kaina baƙo a ajin. Shi ne kuma daga baya ya duba bincikena, ya taimaka na sami kuɗin jirgi na zo Ejura na yi wata biyu ina hira da manoman masara.

Azumi ya same ni a Afrilu, itatuwan garin duk sun yi fure fari tas. A masallacin Turkawa nake buɗa baki, miyar wake da burodi, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina na fito kafin ya miƙo mini kwano. Naman halal kuma a shagunansu yake, kada wannan ya dame ka. In kewar gida ta yi yawa, Hambug tana nan, birnin da 'yan Gana suka fi yawa a Jamus.

Aiki ma akwai. A zamanina kwana 120 aka yarda ɗalibi ya yi a shekara, tun Maris 2024 an ƙara zuwa 140, ko rabin yini 280. Mafi ƙarancin albashi ya kai yuro 12 a awa a Oktoba 2022, kuma ya ƙaru tun daga nan. Da aikin ɗakin ajiyar kaya a lokacin hutu da taimaka wa wani malami a sashenmu na riƙe kaina a shekara ta biyu, ban sake waiwayar gida ba. In ka gama, ana ba ka wata 18 ka nemi aiki.

Ba zan rufe maka wahalarta ba. Ɗaki yana da wuyar samu, ka nemi na ɗalibai ranar da ka sami gurbi. Karatu da Turanci ne, amma ofishin rajistar mazauna da mai gidan haya da mai ba da aiki Jamusanci suke so, don haka ka fara koya tun yanzu, cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe-Institut tana unguwar Cantonments a Accra. Jarrabawarsu ba wasa, a yawancin jami'o'i in ka faɗi darasi ɗaya sau uku an sallame ka. Suna kuma ƙirga darussan digirinka na farko ɗaya bayan ɗaya, wanda ya karanta tarihi ba zai tsallaka kwamfuta ba, mai babbar difloma ta HND kuma sai ya cika ta zama digiri. Jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga baƙi tun 2017, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara karɓa a 2024, sai ka duba kafin ka nema. In ka haura shekara 30 inshorar lafiya mai rangwamen ɗalibai ta wuce ka.

Ingila dai shekara ɗaya ce, kuma harshen ka riga ka iya. Iyakar abin da zan yaba mata ke nan. Mai iyali ma tun Janairu 2024 ba ya tafiya da mata da 'ya'ya a kan mastas irin na zaman aji. In masu tallafin karatu na Chevening ko Commonwealth suka ɗauke ka suka biya komai, wannan magana ce daban, ka ɗauki jakarka ka tafi. Chevening tana son shekara biyu ta aiki, kuma in ka gama sai ka dawo gida na shekara biyu.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, saboda na ga ana yawo da lambobin 'yan konekshan. A 2020 wani mai ofis a bene, da kujeru masu kyau da tutocin ƙasashe a bango, ya samo mini gurbi a Ingila cikin mako biyu. Na yi murna, ban san jami'o'in can da yawa suna ba dillali lada a kan kowane ɗalibin da ya kawo ba, shi ya sa makarantar da ta fi ba shi yake tura ka, ba wadda ta dace da kai ba. Ya karɓi kuɗin aikinsa, ya karɓi kafin alƙalami ya ce zai tura wa makaranta. Imel ɗin da aka nemi gurbin da shi a hannunsa yake, ban taɓa ganin wasiƙa ko ɗaya da idona ba. Da na ce asusuna bai kai abin da ake so ba, sai ya ce zai haɗa mini takardar banki. Allah ya taimake ni na ƙi, domin takardar bogi tana jawo hana shiga Ingila har shekara goma. Kuɗina dai ko kwabo bai dawo ba. Kada ka ba kowa fasfo ɗinka ko ainihin takardar digirinka. Kada wani ya riƙe maka imel. Asusun kulle da sunanka ake buɗe shi, da hannunka, ta intanet. Ranar ganawa a ofishin jakadanci kuma ba ta sayarwa ba ce, layi ne mai tsawo, sai ka yi rajista da wuri.

Ofishin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, yana Accra, shawararsu kyauta ce, kuma a shafinsu akwai jerin kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci. Ka zaɓi biyar da suka dace da digirinka. Jami'o'in da suke bi ta uni-assist, cibiyar da take tantance musu takardun baƙi, yuro 75 ne neman farko, 30 kowane ƙari. Karatu a Oktoba yake farawa, amma kwasa-kwasan baƙi da yawa suna rufe karɓa tun farkon shekara, don haka ka je Tek cikin makon nan ka nemi takardar sakamakonka da wasiƙar da take nuna da Turanci aka koyar da kai. In ka karɓo, ka same ni bayan sallar Juma'a mu zauna mu duba su tare. Ka gaida Baba.