Kan batir ɗinka ya narke? Ga wanda ya kamata ka saya, ga kuma na gudu

Idan kan batir ya narke, yawancin direbobi batirin suke ɗora wa laifi, alhali sau da yawa matsalar tana wurin da kan ya rungumi sandar batirin. Lokacin da ka murɗa makulli, kik yana jan wuta mai yawa, a ƙaramar mota ma yakan kai amfiya 150 zuwa 200. In kan ya yi sako-sako, ko farin garin nan da ke taruwa a sandar batir ya shiga tsakani, wutar sai ta matsu ta ɗan ƙaramin wuri, wurin ya ɗauki zafi. Sandar batir kuwa dalma ce, kuma dalma tana narkewa a digiri 327 kacal. Sai ka ƙara da direban da ke riƙe makulli ya daɗe mota ba ta tashi ba, ko kik mai ciwo da ke jan wuta fiye da kima. Daƙiƙa 10 ta isa, in ba ta kama ba a bar ta ta huta.

To wanne za ka saya? Ni dai na tagulla zalla nake ɗaura wa motata, shi kuma nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Tagulla sai ta kai wajen digiri 900 kafin ta narke, tana wuce da wuta fiye da dalma nesa ba kusa ba, kuma tana da taurin da za ka ɗaure noti da sifana lamba 10 ya kama tam, ka kwance ka sake ɗaurewa ba tare da bakin ya buɗe ba. A hanyoyinmu masu gargada, inda girgiza ke sassauta komai, wannan taurin shi ne abin nema. Aibinsa ɗaya, yakan yi kore in ruwan batir ya taɓa shi, amma ɗan giris ko basilin bayan an ɗaure ya magance wannan. Ka nemi wanda ake cusa waya a cikinsa a matse ko a yi mata soda, ya fi mai faranti da noti biyu, domin mai farantin yana barin silin wayar a fili, tsatsa ta bi ta ciki.

Na dalma yana da arha kuma yana zama da sandar lafiya, sai dai yana miƙewa, wata rana ka ga noti ya ƙure kan yana juyawa. Na alminiyam kada ka ko ɗauka. Masu hannun maƙalawa da ba sa buƙatar sifana ba su da riƙon da zan amince da shi. Wanda kawai zan ajiye kusa da na tagulla shi ne na asali da aka ciro daga motar Beljiyam tare da wayarsa, in ka dace da shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Da yawa daga cikin kawunan da ke sheƙi kamar zinari a leda ba tagulla ba ne, tutiya ce aka yi wa ruwan rawaya, kuma irin wannan haɗin yana narkewa tun bai kai digiri 400 ba. An taɓa sayar mini da shi da sunan tagulla a wani shago, da rantsuwa, ya tsage a hannun mai wayarin tun wurin ɗauri. Kada rantsuwa ta ishe ka. Ka kankare gefensa da magagari ko makulli: tagulla rawaya ce har ciki, na jabu kuwa fari zai bayyana. Ka jinjina shi a hannu, na gaske ya fi nauyi. Mayen ƙarfe zai tona wanda aka yi da baƙin ƙarfe kaɗai, ba ya kama tutiya, saboda haka kada mai shago ya ruɗe ka da wannan gwajin. Wayar ma ana ha'inci a kanta, alminiyam ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Kankare silin, in ya yi fari ka mayar masa, don alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na aikin jan ƙarfe take yi.

Ka kuma duba girma. Sandar mai alamar + ta fi mai alamar − kauri, wasu ƙananan batiran motocin Japan kuma sandunansu sirara ne. Kan da ya yi yawa shi ke sa a cusa ƙusa ko a buga da dutse, bugun nan kuwa yana tsaga gindin sandar, ruwan batir ya riƙa tsattsafowa.

Wurin ɗaurawa, a fara cire mai − kuma shi ne na ƙarshen mayarwa. A wanke farin garin da ruwan ɗumi da kanwa, a goge sandar har ta yi haske, a yanke wayar da ta ƙone har inda jan ƙarfe yake da tsabta. In sandar ce ta ɗan zagwanye, masu gyaran batir suna zuba sabuwar dalma, amma kada ka gwada a gida, batir yana fitar da iskar da ke fashewa da ɗan tartsatsi. In robar da ke gindinta ta narke ko ta tsage, sai sabon batir. Bayan an gama, tayar da mota ka taɓa kan: in ya yi zafi, aikin bai yi ba, a sake duba wayar da kik.