Silinda mai faɗin milimita 50 da mai 63 a motar ɗaga kaya

Ƙarfin silindar haidirolik yana fitowa ne daga matsin mai da kuma faɗin cikinta. A matsin bar 180 (bar ma'aunin matsi ne), mai milimita 50 tana tura kimanin tan 3.6, mai 63 kuwa tana kai wa tan 5.7.

Sai dai sarƙar da ke jan cokulan (ƙarafan gaban motar da ake ɗora kaya a kansu) tana ninka nauyin da ke kan silinda, domin cokula suna hawa ninki biyu na tafiyarta. Saboda haka kayan tan 2 suna zame mata tan 4, kafin a ƙara nauyin cokulan kansu, kuma idan ita kaɗai ce a tsakiya, ƙaramar ta gaza ke nan.

Babbar tana shan man haidirolik da ya fi na ƙaramar da kusan kashi 60 cikin ɗari, don haka da famfo ɗaya hawanta ya fi jinkiri. A ganina wannan jinkirin abin jurewa ne, domin siririn sandan da ke fitowa daga cikin ƙaramar silinda yana iya lanƙwasawa idan ya miƙe da kaya a sama, alhali akwai ma'aikata a ƙasa.