Kantunan kamfanoni masu rassa a ƙananan garuruwa: a taka musu birki ko a ƙyale su?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ƙaramin gari ya hana kamfanoni masu rassa da yawa, irin su Walmart na Amurka, buɗe kanti a cikinsa, ko a bar kowa ya ci kasuwarsa. An gwada duka biyun, bari mu jera su.

Inda aka bar ƙofa a buɗe, mai saye ne ke fara morewa. Kamfani mai dubban rassa yana saro kaya kai tsaye daga masana'anta, da motocinsa da rumbunansa, sai ya sayar a farashin da mai kanti ɗaya ba zai iya ba. Ga mai ƙaramin albashi wannan sauƙi ne na gaske, kuma raina yana ɓaci idan masu son kare kyan gari suka manta da shi. Sai dai araha tana zuwa da nata bashin. Masanin tattalin arziki Kenneth Stone, da ya bi garuruwan jihar Iowa ta Amurka tun 1988, ya ga ciniki ya ƙaru a garin da Walmart ya sauka, na ƙananan garuruwan kewaye kuwa ya yi ta raguwa. Binciken masaniyar tattalin arziki Emek Basker na 2005 ya nuna sabon reshen Walmart yana kawo guraben aiki kusan 100 a shekarar farko, rabinsu kuma su ɓace cikin shekara 5. Ribar ɗan gari a gari take zagayawa, ta reshe hedikwata take tafiya. Ranar da kamfanin ya ga reshen ba ya kawo kuɗi, rufewa zai yi, alhali ƙananan kantunan sun riga sun mutu.

Inda aka taƙaita fa? Tsibirin Nantucket na Amurka ya hana irin waɗannan kantuna shiga tsakiyar garinsa a 2006, kuma ya riƙe kamanninsa. Amma wurin masu kuɗi ne da 'yan yawon buɗe ido, tsada ba ta hana su barci. Faransa ta fi ba da darasi: dokar 1973 ta wajabta neman izini kafin gina babban kanti, a 1996 aka tsananta ta zuwa duk wanda ya wuce murabba'in mita 300, a 2008 aka sassauta zuwa 1,000. Masana tattalin arziki Marianne Bertrand da Francis Kramarz sun gano cewa takurawar ta rage samar da aiki a harkar kantuna. A Ingila, da aka matsa wa manyan kantunan bayan gari daga 1996, kamfanonin suka koma buɗe ƙananan rassa kamar Tesco Express a tsakiyar gari, ƙofa da ƙofa da waɗanda ake son karewa.

Ni dai ban goyi bayan hana kamfani don kawai yana da rassa ba. A 2008 wata kotun tarayya ta soke irin wannan doka ta garin Islamorada a jihar Florida ta Amurka. Abin da majalisar gari ke da iko a kansa shi ne fili: ta ƙayyade girman kanti da inda zai zauna, ta sa kamfanin ya biya kuɗin titi da magudanar da zai buƙata, ta daina yafe masa haraji don roƙonsa ya zo. Kuma ta zauna da garuruwan maƙwabta kafin ta yanke hukunci, domin idan ita kaɗai ta hana, reshen zai buɗe a kan iyakarta, mutanenta su hau mota su kai kuɗinsu can.