Buhun PICS ya riƙe min wake na wata huɗu

Ɗan filin da ke bayan gidanmu a Ɗorayi bai fi taku ashirin ba, amma duk damina sai na shuka wake a cikinsa. Noman bai taɓa ba ni wuya ba, ajiyar ce ke cin raina. Shekaran bara na zuba toka da busasshen barkono kamar yadda Hajiyarmu ta koya min, kafin sanyi ya wuce ƙwari sun huda shi kamar rariya. Maƙwabciyata ta ce in yayyafa fiya-fiya, na ce Maman Abba, abin da yarana za su ci ne fa.

Bana Yayana ya kawo min buhun PICS daga wajen masu sayar da kayan noma. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, kuma saboda wake aka fara yin sa. Leda biyu ce mai kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ba magani ko ɗigo. In aka toshe iska, ƙwarin da ke ciki numfashi ke ƙare musu.

Na shanya waken a tabarma har sai da na ciza ƙwaya ta ce ƙas. Na zuba, na danne ledar farko da gwiwa iska ta fita, na murɗe bakin, na lanƙwasa, na ɗaure tam. Ta biyu ma ɗaurinta daban, buhun waje daban. Na ɗora shi a kan katako, nesa da bango, don ɓera in ya huda ledar aiki ya lalace.

Gab da azumi na kwance buhun. Wallahi sai da na tsoma hannu har gwiwar hannu ina nema, ba gari, ba wari, sai 'yan matattun ƙwari a sama. Ƙosan da na soya da yammar nan ya tashi sosai.

Buhun dai na manoma ne, tiya 14 da na samu ko rabinsa ba ta kai ba. Kuma ba a yawan buɗe shi. Don haka na ware na cin yau da kullum a jarka mai murfi. Bayan na juye waken, ledar na goge ta, na ɗaga ta a rana ban ga huda ba, na ninke ta sai kaka mai zuwa in Allah ya kai mu.