Robar atisaye mai kala biyar: ra'ayin ɗan fansho mai fama da hawan suga

Duk wanda ya ba shekara 60 baya, kuma aka ce sugansa ya fara hawa, ina ba shi shawara ya nemi robar nan ta atisaye. Kala biyar ce a 'yar jaka, kowace kala da irin ƙarfinta, da mariƙi biyu da madaurin da ake maƙalawa a ƙofa. A shagon kayan wasanni na sayi tawa, kuɗinta bai kai na rajistar wata ɗaya a gidan motsa jiki ba.

Gwajin sugana na safe kafin karya kumallo yana yawo tsakanin 100 da 125, matakin da ake cewa mutum na bakin ƙofar ciwon suga. Likitar ta ce min, "Baba, tsokarku za mu farfaɗo da ita." Gaskiyarta. Kusan kashi 80 cikin 100 na sugan da insulin (sinadarin da jiki ke samarwa don daidaita suga) ke kwashewa daga jini tsoka ce ke shanye shi. Ita kuwa tsoka tun daga shekara 30 take zaizayewa, bayan 60 abin ya ƙara sauri, kitse ya riƙa shiga cikinta har ta daina jin kiran insulin. Amma da zarar an sa ta aiki, da kanta take jan suga, kuma takan kwana ɗaya zuwa biyu tana amsa insulin da kyau. Shi ya sa ba na barin kwana biyu su wuce ban taɓa robar ba.

Jar da baƙar su ne abokan aikina. Nakan taka ja da ƙafa biyu, in riƙe mariƙan a kafaɗa, in zauna kan kujera in miƙe. Kafin in ƙirga 12 cinyoyina sun ɗau zafi, gwiwata kuma ba ta koka, abin da ɗaga ƙarfe ya kasa yi min. Yanzu daga sujada nake miƙewa ba tare da dafa ƙasa ba, kuma wannan ya fi min komai daɗi. Rawayar ta yi laushi da yawa, maiɗakina na bar wa.

Inda ta gaza: takardar bayaninta da Turanci ce zalla, ƙananan rubutu, babu abin da ya shafi tsofaffi. Zafin ɗaki kuma yana cin roba, koriyar har ta fara tsagewa kusa da ƙugiya. A riƙa dubawa kafin a ja, kada ta tsinke ta sami ido.

Roba ba ta yafe malmala uku ta tuwon shinkafa. Na rage tuwo, na ƙara wake da zogale, ina tattaki bayan Isha'i. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna gyara abinci da motsa jiki sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58, a 'yan shekara 60 zuwa sama kuwa kashi 71. Mai shan maganin suga ko allurar insulin ya fara tambayar likitansa, domin atisaye na iya saukar da suga fiye da kima.